Baba Haruna da Ƙidayar Kifin Ƙanƙara

Shekara bakwai ke nan cif a wannan watan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna, wanda 'yan kasuwar kifi ta Jidda suka fi sani da Ammu Haruna mai wuƙa, ammu kuwa baffa ke nan da Larabci. Na so in rubuta wannan waiwaye cikin jimami kamar yadda aka saba. Na zauna, na gyara zama, amma duk abin da na tuno sai in ji dariya ta taso mini. Umma ta leƙo ta same ni ina ƙyalƙyatawa ni kaɗai, ta girgiza kai ta ce in dai uban nan nawa ne, ko yana kabari ba zai bari a yi masa kuka yadda ya kamata ba. Saboda haka masu karatu su yi mini afuwa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A Ruwais aka haife shi, wata unguwar Jidda da iskar teku ke shigowa har tsakar ɗaki. Kakanmu ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar hajji, ya sauke farali, Allah kuma ya ƙaddara masa zama a nan. Baba bai taɓa taka Kano ba, amma in ya fara ba ka labarinta sai ka rantse jiya ya dawo. Sana'arsa gyaran kifi. In mutum ya sayi kifinsa a kasuwa, sai ya kai wa masu gyara da ke jere a gefe, su kankare ɓawon, su feɗe, su yanka yadda uwargida ta ce a yanko. Fiye da shekara arba'in Baba yana tsaye a wannan layi. Yana da wata ɗabi'a da ta sa wasu ke sonsa, wasu ke jin haushinsa: ba ya taɓa cewa kifi mai kyau ne sai ya ga cikinsa. Attajiri zai ɗora masa kifin najil mai sheƙi yana jira a yaba masa iya saye, Baba ya ce masa a bari a buɗe tukuna. A gida ma haka yake. Ko kankana Umma ta sayo ta tambaye shi ko za ta yi zaƙi, amsar da za ta samu ke nan.

Ni ce autar gidan. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba, Uwata yake ce mini ko da faɗa zai yi mini. Na karanta ilimin teku a jami'a, yau kuma aikina ƙidayar kifi ne a tekun ƙanƙara da ke can ƙuryar arewacin duniya. Na san wanda bai taɓa ji ba zai ce wane irin aiki ne wannan. A ƙarƙashin jirgin bincike akwai wata na'ura da ke aika sauti cikin ruwa. In sautin ya ci karo da wani abu sai ya dawo, kamar yadda murya ke dawo wa wanda ya yi kira a ɗakin da ba kaya. Na'urar ta auna lokacin da ya ɗauka da ƙarfin da ya dawo da shi, ta zana a allon kwamfuta da launuka. Jirgin yana tafiya ne layi-layi, ya miƙe ya juyo, kamar mai sharar masallaci, daga nan mu ƙiyasta yawan kifin da ke yankin. Kifin da muka fi bi ɗan ƙarami ne, bai wuce tsawon tafin hannu ba, amma shi ne abincin tsuntsaye da manyan dabbobin wannan teku. Da irin ƙiyasinmu ake yanke shawarar nawa za a bari a kama, da inda za a hana kamu gaba ɗaya.

Saura ƙiris ban shiga wannan aiki ba, kuma Baba ne dalili. Bayan na gama karatu, wata malamata ta samo mini gurbi a jirgin bincike da zai yi wata biyu a tekun ƙanƙara, aka ba ni mako uku in ce eh ko a'a. Kowa ya ɗauka matsalar za ta zama sanyi, ko nisa, ko zaman mace cikin maza. Umma ta kawo waɗannan duka, na nuna mata akwai wasu matan a jirgin kuma ɗakinmu daban, ta haƙura. Baba bai ko tada su ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya tambaye ni me zan je yi. Na ce ƙidayar kifi. Ya tambaya ko kama su za mu yi mu ƙirga. A nan na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗaga kai, na ce masa ai an wuce wannan zamanin, yanzu a ɗaki mai tsabta ake zama gaban kwamfuta, ko ruwan mutum ba ya taɓawa.

Gaskiyar magana, akwai taru a jirgin, akwai wuƙa, akwai ƙarni. Na sani sarai. Amma na so ya ga 'yarsa ta yi karatu ta kuɓuta daga abin da ya cinye masa fatar hannu, na ɗauka hakan zai faranta masa rai. Sai ya ce:

"Uwata, wanda ya faɗi adadin abin da bai gani ba, ko boka ne ko mai shaidar zur. Ni kuwa ban haifi ko ɗaya ba. Halas, magana ta ƙare."

Ya ƙara da cewa in muka ce kifi dubu ne alhali ɗari ne, masunta za su yarda da mu su kwashe ɗarin nan tas, alhakin tekun kuma yana wuyan wanda ya ƙirga. Daga nan ya kafe. Ni ma na san ko da takardu za su bar ni in fita, ƙafata ba za ta hau jirgi ba tare da albarkarsa ba. Na kwana biyu ina kumbure-kumbure a gida. Na ɗauko kwamfuta na zauna kusa da shi ina bayani, rabi Larabci rabi Turanci, don Hausata a lokacin ta jin magana ce kawai, ba ta kai ta gardama ba. Ya saurare ni har ƙarshe cikin natsuwa, ya duba jajaye da shuɗayen zanen da ke allon, ya ce da a atamfa aka buga su da Umma ta saya.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga inda aikin ya kai yau. Yanzu akwai 'yan ƙananan jirage da ake saki a teku ba kowa a ciki, iska da hasken rana ke tafiyar da su, su yi watanni suna yawo suna aiko da saƙo muna zaune a ofis. Akwai kuma kwamfutocin da aka koya wa rarrabe zanen da kansu. Na tabbata zai yaba, don ba mutum ne mai ƙin sabon abu ba, shi ya fara sayen abin kankare ɓawo mai lantarki a layinsu. Sai ya gama yabon tsaf, sannan ya tambaya wa ke buɗe cikin kifin a jirgin da ba mutum. Ni kuma in fara kame-kame, kamar yadda nake yi in ɗalibaina suka yi mini irin wannan tambaya.

Da aka ci mako ɗaya ba wanda ya sauko, Baba ya kawo shawara. Yana da amini tun na ƙuruciya, Ammu Sale, masunci mai ƙaramin jirgi na inji, wanda ya maƙala irin wannan na'ura 'yar ƙarama kusa da matuƙi. Baba ya ce mu fita tare, in karanta musu abin da ke ƙarƙashinmu, su kuma su jefa ƙugiya a gani. Na amsa da rawar jiki. Aka nemo mini izinin fita teku, ranar wata Talata da sassafe muka kama hanya. Ammu Sale yana ta tsokanata, wai yau jirginsa ya ɗauko daktora, ya kamata kifaye su zo su yi layi.

Ba mu yi nisa sosai ba allon ya cika da jan zane, mai kauri, kusa da saman ruwa. Zuciyata ta yi fari. Na miƙe tsaye na ce a tsaya, ga garke nan, kuma manya ne. Ammu Sale ya dubi Baba, Baba ya dubi sama. Aka kashe inji, aka jefa ƙugiyoyi. Muka jira. Rana ta ɗago ta fara dukanmu, ba abin da ya ko taɓa zaren. Jan zanen kuma ya yi ta dusashewa har ya ɓace. Sai Ammu Sale ya nuna wani ƙaton jirgin kaya da ya gifta kafin mu iso, ya ce, "Ga garken naki can, ya binti, 'yata, yana shiga tasha." Ashe kumfar da jirgin ya bari a ruwa na gani. A jami'a zanen da aka riga aka tace ake ba mu, ban taɓa ganin ɗanyensa ba. Tsofaffin nan biyu suka yi dariya har Ammu Sale yana riƙe ciki, ni kuwa da ruwan ya buɗe da na shige.

Don in kare kaina na fara bayani. Na ce ba laifin na'urar ba ne, ita iska take ji fiye da komai, ko a jikin kifi ma ba tsokarsa ce ke dawo da yawancin sautin ba, wata 'yar jakar iska ce da ke cikinsa. Nan take Baba ya daina dariya. Ya tambaya ko farar jakar nan da ke manne da ƙashin baya nake nufi, wadda yake jefa wa kyanwoyin kasuwa. Na ce ita. Ya gyara zama ya shiga lissafo mini su: ta wane kifi ce mai kauri, ta wane ce doguwa siririya, wanne ne ba shi da ita sam. Sannan ya tambaya yaya na'urar za ta bambanta ƙaramin kifi mai babbar jaka da babban kifin da ba shi da ita. Wannan tambaya mutane na shekaru suna rubuta littattafai a kanta, ga ta ta fito daga bakin wanda karatun allo kawai ya yi.

Ba ni da mafita, sai na faɗi gaskiya. Na ce ba ta iya bambantawa. Shi ya sa in aka ga zane ake jefa taru a kamo kaɗan, a ga ko wane iri ne, a auna tsawonsu, a buɗe cikinsu a duba jakar. Kuma ko bayan an yi haka ba ma cewa kifi kaza ne, cewa muke tsakanin kaza da kaza, mu rubuta abin da ba mu tabbatar ba. Ya dube ni ya ce to me ya hana ni faɗin haka tun farko. Bai matsa mini ba, ina jin ya gane.

"Wa ke buɗewa?" ya tambaya.

"Sababbin shiga, Baba. Ni ke nan."

Ya dubi hannuna, ya dubi Ammu Sale, ya ce inna lillahi. Na zaci an gama, ashe sabuwar matsala na buɗo. Ya ce aikin dai halal ne, ya yarda, amma ba za a ce 'yar Haruna ta je ƙarshen duniya ta kunyata shi a gaban Turawa da riƙon wuƙa irin na masu yanka albasa ba. Sai na iya fitar da jakar nan lafiya ba tare da na huda ta ba, sannan a yi maganar tafiya.

Kwana goma sha biyu suka rage. Kullum bayan la'asar Baba zai dawo da bokitin ƙananan kifi, mu hau saman soro. Ya nuna mini inda ake sa bakin wuƙa, yadda ake kwantar da ita don kada ta nutse, yadda ake ɗaga hanji da ɗan yatsa a bar jakar a wurinta. A hannunsa abin kamar wasa. Ni kuwa da na taɓa sai in ji ɗan huci, jakar ta lotse. Ya ce hannun biro gare ni. Kyanwoyin Ruwais kaf suka gane gidanmu, suka riƙa zuwa kafin shi. Umma ta soya, ta yi miya, ta dafa da shinkafa, ta aika wa maƙwabta har suka fara cewa an gode, na jiya ma bai ƙare ba. Ban taɓa zama da mahaifina na tsawon lokaci irin wannan ba, kuma duk da fargabar da ke cina, ba na jin na taɓa yin kwanaki masu daɗinsu. A nan na ji labarin yadda ya fara ganin Umma, a nan kuma Hausata ta miƙe, don ya ce a saman soronsa ba a Larabci.

Ana gobe zan ba da amsa, ya zaro kifi ɗaya daga bokiti ya ɗora mini a faranti. Ya ce wannan ne jarrabawar, in jakar ta fito lafiya na tafi, in ba ta fito ba in rubuta wa malamar in ba ta haƙuri. Yana rufe baki aka kira magariba. Ya wanke hannu ya sauka zuwa masallaci, ya bar ni da faranti da bokiti da kyanwoyi uku.

Na yi bisimilla, na kwantar da wuƙa, na bi a hankali. Saura kaɗan in gama hannuna ya goce, na ji hucin nan. Na zauna ina kallon jakar ta lotse, hawaye ya cika mini ido. Don haushi na ciro wani kifin daga bokiti, irinsa sak, na buɗe shi ba tare da wani tunani ba. Jakar ta fito cike, fara sol, karo na farko a rayuwata. Ga kyanwa a gabana tana lasar baki. In na jefa mata na farkon, ba wanda zai sani. Ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba, na ɗauke shi, har na miƙa hannu. Na daɗe a haka kafin na mayar da shi faranti kusa da ɗan uwansa.

Da Baba ya hauro na ce masa, "Wannan ne ka ba ni, na huda shi. Wannan mai kyan na biyu ne, daga bokiti na ɗauko."

Bai ko kalli mai kyan ba. Ya ɗauki hudajjen ya jujjuya shi kamar yana neman wani abu, ya ajiye, ya goge yatsunsa.

"Yalla, Uwata, je ki haɗa kaya. Allah ya yi miki albarka. Ya kai ki lafiya, ya dawo mini da ke lafiya."

Na fashe da kuka, shi kuma ya ce in yi a hankali kada in tada hankalin kyanwoyinsa. Daga baya na sha tambayarsa ko da gangan ya bar mini bokitin. Har ya bar duniya yana cewa mantuwa ce. Umma kuwa ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin ya manta da bokiti ba.

Na tafi, na sha sanyin da ban san akwai irinsa ba. Rana ta ƙi faɗuwa, sai da agogon Makka nake salla, da na gaya masa ya ce ashe ban bar gida ba. A kasuwa bai taɓa ce wa kowa 'yarsa masaniyar kimiyya ce ba. Cewa yake tana gyaran kifi a inda duniya ta ƙare, kuma yana faɗin haka ne baki har kunne. Tafiya huɗu na yi yana raye, kowace na dawo sai ya titsiye ni ya ji wane iri muka buɗe da yadda jakarsa take. Ya rasu bayan gajeriyar jinya, ina gida kusa da shi, abin da har gobe nake gode wa Allah a kansa. Da yana nan yau da na ba shi labarin yadda ƙanƙarar ke ja da baya, kifayen da ba mu saba gani a can ba suna shigowa suna cakuɗa da na wurin, zanen allo yana ƙara rikita mu. Zai yi baƙin cikin tekun, na sani. Amma ba zai fasa tuna mini cewa yanzu ne ma aikin mai wuƙa ya ƙaru ba.

In na auna abin da ya rage na Baba, na ido kaɗan ne. Wani mutumin unguwar Sharafiyya ne ke tsaye a wurinsa na kasuwa, mu ma mun bar Ruwais mun koma unguwar Kurayyat. Hannun nan nasa bai bar wa kowa ba, ni dai bai bar mini ba. Abin da ya bar mini yana cikin kowane rahoto da nake rubutawa, a shafin da nake jera abin da ba mu gani ba da abin da muka yi kuskure, shafin da abokan aikina ke tsokanata cewa ya fi na kowa tsawo. Shekara da shekaru ina wannan aiki, har yau ina huda jakar nan fiye da yadda ya kamaci 'yar Haruna. Duk lokacin da na ji hucin, sai in ɗaga kai in ce na huda, ko da ni kaɗai ce a ɗakin.